Akwatin gwajin ruwa na API Pond Master: abin da yake gani da abin da yake tsallakewa idan kandami ya fara kore

Yawancin masu sayen wannan akwati suna sayensa ne bayan ruwan kandaminsu ya rikiɗe ya zama kore, ko bayan sun wayi gari sun tarar da kifi a saman ruwa yana haki. Fatansu shi ne ɗigon magani a cikin ɗan bututun gilashi ya faɗa musu abin da ya lalace. Akwatin yana amsa rabin wannan tambaya, kuma yana amsa ta da kyau. Ɗaya rabin kuwa, wanda ya shafi yadda sinadaran taki ke taruwa har gansakuka ta mamaye ruwa, a nan ne yake da rauni, kuma raunin irin wanda ke kwantar wa mutum da hankali ne a lokacin da ya kamata ya tashi tsaye.

A cikin akwatin akwai kwalabe 6 na maganin gwaji, da bututun gilashi masu murfi waɗanda aka ja wa layi a kan mililita 5, da katin launuka, da takardar bayani. Abubuwa huɗu yake aunawa: pH, wato tsami ko rashin tsamin ruwa, daga 5.0 zuwa 9.0, amoniya daga 0 zuwa 8, naitirait daga 0 zuwa 5, da fosfet, wato fosfaras ɗin da ke narke a ruwa, daga 0 zuwa 10. Ban da na pH, lambobin katin suna cikin ppm, wanda a ruwa daidai yake da miligiram a kowace lita. Kamfanin yana da wani akwati na ruwan akwatin kifi na cikin ɗaki, Freshwater Master, wanda ke da gwajin naitiret, sinadarin da naitirait ke komawa bayan bakteriya ta sarrafa shi, amma ba shi da fosfet. Na kandami kuma yana da fosfet ba shi da naitiret. Mai son ganin duka biyun sai ya sayi kwalaben guda daban.

Kafin a yanke wa kayan hukunci, sai an san abin da ake nema a cikin ruwan. Gansakuka tsiro ce, tana buƙatar haske da kabon da naitirojin da fosfaras. A yawancin ruwan daɗi, fosfaras ne ke fara ƙarewa, don haka shi ke taƙaita yawanta. Masanin tafkuna David Schindler ya nuna wannan a fili a shekarar 1973 a wani tafki mai lamba 226 a lardin Ontariyo na Kanada. An raba tafkin biyu da labule, aka zuba kabon da naitirojin a gefe ɗaya, ɗaya gefen kuma aka ƙara masa fosfaras a kan waɗannan biyun. Gefen da ya sami fosfaras ya koma kore shar, ɗayan ya zauna kusan yadda yake.

Lissafin da ke bayan wannan yana da ban tsoro idan aka zauna aka yi shi. Jikin ƙananan tsiran ruwa yana ɗauke da kabon 106 da naitirojin 16 a kan kowane fosfaras 1, idan aka ƙirga da ƙwayar zarra. Shi ake kira rabon Redfield. Idan aka mayar da shi nauyi, giram 1 na fosfaras ya isa ya gina sama da giram 100 na busasshiyar gansakuka. Idan wannan gansakuka ta mutu ta nutse, bakteriyar da za ta ruɓar da ita za ta sha oksijin wajen giram 140. Ruwa mai zafin digiri 25 ba ya riƙe fiye da miligiram 8.3 na oksijin a lita. Ke nan giram ɗaya tak na fosfaras yana iya jawo a shanye duk oksijin da ke cikin lita 17,000 na ruwa. Wannan shi ne ainihin ɓarnar. Kore da ake gani a sama alama ce kawai. Kisan yana faruwa ne a ƙasa, kuma da dare.

Sai a fara da inda akwatin ya yi fice, wato amoniya. Ana cika bututu zuwa layin mililita 5, a ɗiga 8 daga kwalba ta farko, a ɗiga 8 daga ta biyu, a rufe a girgiza na daƙiƙa 5, a jira minti 5. Ruwan yana tashi daga rawaya, idan babu komai, zuwa kore mai duhu. Launukan sun bambanta sosai daga 0.5 zuwa sama. Tsakanin 0 da 0.25 ne ido ke ruɗewa, musamman a ƙarƙashin fitilar ɗaki. Maganin wannan shi ne a gwada ruwan da aka tabbatar ba shi da amoniya a bututu na biyu, a jera su gefe da gefe a hasken rana, a jikin farin ɓangaren katin. Kada a yi amfani da ruwan famfo don wannan kwatanci idan hukumar ruwa tana sa kuloramin, maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, domin shi kansa yana fitowa a matsayin amoniya.

Abin da takardar bayani ba ta jaddada yadda ya kamata ba shi ne, lambar da ke katin jimillar amoniya ce iri biyu. Akwai wadda ta riga ta ɗauki caji, mai sauƙin illa, akwai kuma wadda ba ta ɗauka ba, wadda ke ratsa gaɓar numfashin kifi ta shiga jini. Rabon da ke tsakaninsu pH da zafin ruwa ne ke yanke shi. A digiri 25, idan pH yana 7, mai gubar ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba. A pH 8 ta haura kashi 5. A pH 9 ta kai kashi 36. Don haka karatun 1.0 da safe, lokacin da pH ke 7, yana nufin guba wajen 0.006, wanda ba abin damuwa ba ne. Wannan 1.0 ɗin dai da la'asar a pH 9 ya zama 0.36, ninki 60, alhali daga 0.05 kifi ke fara cutuwa idan abin ya daɗe. Kuma gansakuka ce ke hawar da pH ɗin: da rana tana zuƙe iskar kabon da ke ruwa, ruwan ya rasa tsaminsa. Duk wanda ya auna amoniya bai auna pH a wannan sa'ar ba, rabin aiki ya yi.

A nan ma akwai wani cikas. Katin pH ya tsaya a 9.0. Kandamin da gansakuka ta yi wa yawa, musamman idan ruwansa ba shi da isasshen alkali mai daidaita shi, yana iya wuce 9.5 ko ya taɓa 10 da yamma. Katin zai nuna launin 9.0 kawai, mai gwaji ya rubuta 9, alhali ruwan ya wuce nan da nisa, inda fiye da rabin amoniya ta zama guba. Ga kayan da aka yi domin kandami na waje, wannan giɓi ne da bai kamata a bari ba.

Gwajin naitirait shi ne mafi sauƙi kuma mafi tsabta a cikin huɗun. Kwalba ɗaya, ɗigo 5, jiran minti 5, shuɗi mai haske ya koma shunayya idan akwai matsala. Ba a ruɗewa da shi. Naitirait yana ɓata jinin kifi ya hana shi ɗaukar oksijin, har jinin ya koma ruwan ƙasa, sai a ga kifi yana haki ko da ruwan cike yake da iska. Gishiri ne maganin gaggawa, domin kulorayid ɗin da ke cikinsa yana tare hanyar da naitirait ke bi ya shiga jiki. Ana neman kulorayid 10 a kan kowane naitirait 1. Gishiri kashi 60 cikin 100 ɗinsa kulorayid ne, don haka idan kati ya nuna 2, ana buƙatar wajen giram 33 a kowace lita 1,000, wato kilo 3.3 a kandamin lita 100,000. Da wannan gwaji da na amoniya kaɗai, akwatin ya cancanci zama a hannun duk mai kiwon kifi.

Yanzu sai fosfet, wanda shi ne dalilin da ya sa mai fama da koren ruwa ke zaɓar wannan akwati. Ana ɗiga 6 daga kwalba ta farko, a girgiza, a ɗiga 6 daga ta biyu, a sake girgizawa, a jira minti 3. Maganin kwalba ta biyu yana da kauri, sai an matsa da ɗan ƙarfi, kuma dole a riƙe kwalbar a tsaye cak, kai a ƙasa, in ba haka ba girman ɗigon zai bambanta. Launi yana tashi daga fari-fari zuwa shuɗi mai duhu. Sinadarin da ke aiki a ciki sahihi ne, irin hanyar shuɗin molibdinom ce da ɗakunan bincike ke amfani da ita. Matsalar ba a sinadarin take ba, a matakan katin take.

Matakin farko bayan sifili shi ne 0.25. Wannan nauyin fosfet ne; idan ana son a san fosfaras ɗin da ke ciki sai a raba da 3.07, a sami wajen maikirogiram 81 a lita (maikirogiram 1,000 ne miligiram 1). To, ma'aunin da ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta OECD ta fitar a 1982, wanda har yanzu masu nazarin tafkuna ke aiki da shi, yana cewa tafki ya shiga sahun masu ƙoshin taki fiye da kima daga maikirogiram 35 na jimillar fosfaras a lita, kuma daga 100 ya shiga sahu mafi muni. Ma'ana, kafin katin ya nuna launinsa na farko, ruwan ya riga ya ninka iyakar haɗari fiye da sau biyu. Duk yankin da rigakafi ke da amfani, daga 10 zuwa 50, yana ɓoye a cikin launin da katin ya kira sifili. Matakan 2 da 5 da 10 da suka cinye rabin katin kuwa, ruwan da ya kai su ba ya buƙatar gwaji kafin a san ya lalace.

Akwai abin da ya fi wannan ruɗarwa. Gwajin yana ganin fosfet ɗin da ke narke a ruwa ne kawai. Ba ya ganin wanda ke cikin jikin gansakuka, ko cikin kashin kifi da ragowar abinci, ko wanda ke manne da laka. Lokacin da gansakuka ke kan ganiyarta, tana zuƙe fosfet da zarar ya fito, har tana ajiye rara a cikin ƙwayoyinta. Sai a ɗebo ruwa kore kamar fenti, a gwada, a ga sifili. Mutane da yawa a nan suke yanke cewa ba fosfaras ne matsalarsu ba, su ci gaba da zuba abinci yadda suka saba. Sifili a cikin koren ruwa ba ya nufin babu fosfaras; yana nufin an riga an cinye shi, kuma zai dawo ruwan gaba ɗaya ranar da gansakukar ta mutu. Jimillar fosfaras ba ta aunuwa da ɗigo. Sai an dafa samfurin ruwan da asid da sinadarin fasalfet domin a kwance wanda ke ɗaure, kuma wannan aikin ɗakin gwaji ne.

Idan haka ne, ina amfanin kwalaben fosfet ɗin? Amfaninsu yana wajen bin sawu. A bar gwada tsakiyar kandami, a gwada abin da ke shigowa. A gwada ruwan da ake cika kandamin da shi, domin wasu hukumomin ruwa suna sa fosfet da gangan don hana bututun dalma tsatsa, kuma mai sauya ruwa da irin wannan taki yake ƙarawa. A gwada ruwan da ke gangarowa daga gona ko lambu ko garken dabbobi a sa'ar farko ta ruwan sama, wadda ita ke kwaso mafi yawan taki. A gwada kwatar wanki da abin da ke tsattsafowa daga ramin masai idan yana kusa. A irin waɗannan wurare adadin yana da yawa, katin yana nuna shi sarai, kuma a nan ne ake iya toshe shi. Wani gwaji mai amfani shi ne na ruwan ƙasan kandami. Laka tana riƙe fosfet ta hanyar ƙarfen da ke cikinta muddin akwai oksijin. Da oksijin ya ƙare a ƙasa, ƙarfen ya sauya hali ya saki abin da ya riƙe. Idan ruwan saman kandami ya nuna sifili, na daf da laka kuma ya nuna 0.5 ko 1, to kandamin yana ciyar da kansa daga ajiyar shekarun baya, kuma rage abinci kaɗai ba zai kawo sauyi da wuri ba. Ana ɗebo irin wannan ruwa da kwalba mai nauyi da toshiya ɗaure da igiya, a saukar da ita a rufe, a fizge toshiyar a zurfin da ake so.

Mai son ganin ƙananan adadi sai ya koma ga na'urar karanta launi. Hanna HI713 tana auna fosfet daga 0.00 zuwa 2.50, tana nuna lamba biyu bayan ɗigo, kuskurenta wajen 0.04 ne. Iyakar nan ta maikirogiram 35 daidai take da fosfet 0.11, don haka na'urar tana iya ganin ruwa yana tunkarar iyakar, abin da katin ba zai taɓa yi ba. Ita ma narkakken fosfet kawai take gani, kuma kowane gwaji yana cin fakitin hoda ɗaya. Lokacin da ya fi dacewa a yi amfani da ita shi ne lokacin da ruwa yake garau, kafin zafi ya kama, domin adadin da aka gani a lokacin shi ke nuna girman koren da ke tafe.

Kurakuran hannu suna ɓata sakamako fiye da laifin kayan. Babba a cikinsu shi ne wanke bututu da sabulu ko garin wanki, waɗanda wasunsu ke barin fosfet a jikin gilashi. Ruwa zalla ya isa, sannan a ɗauraye bututun sau 2 ko 3 da ruwan da za a gwada. Ya fi kyau a ware bututu ɗaya na fosfet kaɗai, a yi masa alama. Na biyu, toshe bakin bututu da yatsa maimakon murfi: fata tana ƙazantar da samfurin, kuma wasu magungunan suna da asid mai ƙarfi, wasu kuma alkali mai ƙuna, bai kamata su taɓa fata ko ido ba. Na uku, koren ruwa kansa yana ɓata launi. Gwajin amoniya yana ƙarewa da kore, to yaya za a karanta shi a ruwan da tun farko kore ne? Dole a tace samfurin, da takardar tacewa ko da matacin sirinji mai ramin maikiromita 0.45, kafin a ɗiga komai. Takardar bayani ba ta ba wannan muhimmanci ba, alhali shi ne halin da yawancin masu saye ke ciki. Sai kuma wurin ɗiba: ba a ɗiba a gefe inda iska ta tara kumfa, a miƙa hannu a nutsa kwalba zuwa wajen santimita 30. A gwada nan take, kada a bar samfurin ya kwana. A duba ranar ƙarewar aiki a jikin kwalabe, a ajiye su a inuwa, domin zafi yana kashe maganin tun kafin ranar.

Babban abin da babu a akwatin shi ne oksijin. Da rana gansakuka tana fitar da oksijin har ruwan saman kandami ya cika ya yi rara. Da rana ta faɗi sai ta daina, amma numfashinta da na kifi da na bakteriya ba ya tsayawa. Adadin yana sauka duk dare, ya kai ƙarshen ƙasa da asuba. Kifin ruwan ɗumi yana son 5 zuwa sama. Ƙasa da 3 yana daina cin abinci yadda ya kamata. Ƙasa da 2 shi masana ke kira ƙarancin da ke kora ko kashe yawancin halittun ruwa. Da wannan iyaka ta 2 ake auna matacciyar farfajiyar nan ta Tekun Meziko, inda takin da kogin Misisifi ke kwasowa daga gonakin Amurka ke zuba. A 2017 faɗinta ya kai wajen murabba'in kilomita 22,700. Abin da ke faruwa a can shi ke faruwa a kandamin mita 10, girma ne kawai ya bambanta. Kwana 2 ko 3 na gajimare a jere bayan zafi, ko ruwan sama mai sanyi da ya juyo da ruwan ƙasa marar iska zuwa sama, ya isa a rasa kifi cikin dare ɗaya, kuma gwaje-gwaje huɗun nan duka suna iya nuna lafiya a yammacin da ya gabata. Hatta bakteriyar da ke mayar da amoniya naitiret tana cin nata rabon: miligiram 4.6 na oksijin a kan kowane miligiram na naitirojin. Dole ne a haɗa akwatin da abin auna oksijin, na ɗigo ko na lantarki, kuma a yi awon kafin fitowar rana. Awon tsakar rana ba ya faɗin komai game da dare.

Abu na biyu da ya kamata ya raka akwatin kowa na iya ƙera shi da kansa: faifan Secchi, mai ɗauke da sunan Angelo Secchi da ya fara aiki da shi a 1865. Faifai ne mai faɗin santimita 20, a raba shi gida huɗu, a shafa baƙi da fari a jere, a ɗaura masa nauyi a ƙasa da igiya mai alamar santimita. A saukar har ya ɓace wa ido, a rubuta zurfin, a ɗago har ya bayyana, a rubuta, a ɗauki tsakiyar biyun. A yi tsakanin hantsi da azahar, a gefen inuwar jiki, mutum ɗaya kullum. A kandamin kiwo, inda ake son ɗan kore domin abincin kifi ne, santimita 30 zuwa 45 ya yi daidai. Ƙasa da 20 ya yi kauri, a dakatar da taki, a rage abinci, a shirya injin hura iska. Idan ruwa ya washe farat ɗaya ko launinsa ya koma ruwan ƙasa cikin kwana ɗaya ko biyu, ba sauƙi ba ne, gansakukar ce ta mutu, kuma daren da ke biye shi ne mafi haɗari. Sai dai a lura ko duhun ruwan na laka ne, domin faifan ba ya bambancewa. Wannan faifai yana auna abin da kwalaben fosfet suka kasa gani, wato fosfaras ɗin da ya riga ya zama tsiro.

Akwatin kuma ba ya cewa komai game da guba. Wasu daga cikin abin da ake kira gansakuka bakteriya ce mai launin shuɗi-kore, sayanobakteriya, kuma wasu nau'o'inta suna fitar da maikirosistin mai lalata hanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar maikirogiram 1 a lita a ruwan sha. A watan Agusta na 2014 wannan guba daga tafkin Erie ta sa aka hana mutanen birnin Toledo na jihar Ohayo, sama da 400,000, shan ruwan famfo har kusan kwana 3. A 2007 birnin Wuxi na ƙasar Sin ya shiga irin wannan hali saboda tafkin Taihu. Tafasa ruwan ba ya kashe gubar. Akwai gwaji biyu na ido da ke ba da haske. A tsoma sanda a ɗago: idan ta fito da zare-zare masu tsawo, koren gansakuka ce ta yau da kullum, idan ta fito kamar an tsoma ta a fenti, a yi zargi. Ko a cika kwalba mai faɗin baki zuwa kashi uku cikin huɗu, a rufe, a sa a firij ta kwana: koren gansakuka tana kwanciya a ƙasa, sayanobakteriya tana taruwa a sama saboda jakunkunan iska da ke jikinta. Wannan ba ya tabbatar da guba, amma ya isa a hana dabbobi da karnuka da yara kusantar ruwan har sai ɗakin gwaji ya duba.

Idan gwaji ya nuna matsala, hannu yakan fara zuwa ga maganin kashe gansakuka, galibi kofa salfet, sinadarin jan ƙarfe. A yi hattara. Kashe kore duka a lokaci ɗaya yana nufin ruɓar da shi duka a lokaci ɗaya, oksijin ya faɗi, fosfet ya koma ruwa, kuma idan mai guba ce ƙwayoyinta su fashe su zubar da gubar. Maganin kansa yana kashe kifi idan alkalin ruwa bai kai miligiram 50 a lita ba, kuma gwajin alkali ma ba ya cikin wannan akwati, sai an sayi kwalbar KH daban. In dole sai an yi, kada a wuce kashi ɗaya cikin uku na kandami a karo ɗaya, injin iska yana aiki. Alif yana ɗaure fosfet ya kwantar da shi, amma yana saukar da pH, don haka shi ma sai an san alkali. Akwai yumɓun da aka haɗa da sinadarin lantanom, Phoslock, wanda hukumar binciken kimiyya ta Ostareliya ta ƙirƙiro, ana lissafa kilo 100 a kan kilo 1 na fosfaras. Ba ya taɓa pH sosai, amma adadin da za a zuba ya dogara da awon fosfaras na ruwa da na laka, awon da katin ba zai bayar ba.

Abin da ke shiga ta hannun mai kandami shi ne ya fi sauƙin ragewa. Abincin kifi yakan ɗauki fosfaras wajen kashi 1 cikin 100, kuma kifi ba ya riƙe fiye da kashi ɗaya cikin uku a jikinsa. Kilo 1 na abinci a rana ya zama giram 10 na fosfaras, wajen giram 7 ya rage a ruwa da laka. A kandamin lita 100,000, wannan maikirogiram 70 ne a lita, kowace rana. Laka tana shanye kaso mai yawa da farko, shi ya sa sabon kandami ke da haƙuri, tsoho kuma ba shi da shi. A ba da abin da kifi zai cinye cikin minti 10 zuwa 15, a kwashe ragowar, a daina ciyarwa ranar da oksijin na asuba ya yi ƙasa da 3. A bar ciyawa mai kauri ta zagaye kandami domin ta tare gangarowar taki. Tsiran da ke yawo a saman ruwa suna zuƙe fosfaras, amma sai an riƙa kwashe su ana fitarwa. Wanda ya mutu a ciki ya mayar da abin da ya ɗauka. Kuma ruwan da aka zubar lokacin sauyi kada a sake shi kai tsaye cikin rafi ko tafki, a bi da shi ta gona ko ramin da zai kwanta, domin takin da ya mayar da kandami kore zai mayar da ruwan da ke gaba kore.

Hukuncin dai shi ne a saya, amma a san me aka saya. Gwajin amoniya da na naitirait amintattu ne, masu sauƙi, kuma kwalaben suna daɗewa. Na pH yana da kyau da safe, yana gazawa da yamma a koren ruwa. Na fosfet ya dace da farautar inda taki ke shigowa, bai dace da tabbatar da lafiyar kandami ba. Ga sabon kandami, a gwada amoniya da naitirait kullum a makonni 4 zuwa 6 na farko, kafin bakteriyar da ke sarrafa su ta kafu, daga nan sau ɗaya a mako. A auna pH sau biyu a rana ɗaya, da asuba da la'asar, a rubuta tazarar. Idan ta wuce 1.5 ko tana ƙaruwa mako bayan mako, gansakuka na ƙara kauri ko alkali ya yi ƙasa. Faifan Secchi sau biyu a mako a lokacin zafi, oksijin kuma kowace asuba da zarar faifan ya sauka ƙasa da santimita 30.